Yadda Jakada Ke Sauraron Inji

Motar ta sake tsayawa a karo na uku. Direba ya sauka ya ɗaga bonet, fasinjoji suka hau tsaki. Auta kuwa kayanta ta sake dubawa: akwati ɗaya, takardar shaidar gama karatu cikin kwali, rigar sanyi, waya da cajinta ya kusa ƙarewa, sai sifana mai lamba goma sha uku naɗe cikin safa.

Tun a filin jirgi saƙon mahaifiyarta ya same ta: "Jikin Jakada ya yi tsanani. Kada ki tsaya ko'ina."

Jakada maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Makaniki ne, garejinsa a ƙofar gidansa. 'Yan layin ne suka laƙaba masa sunan, don shekara arba'in ke nan yana yi wa wata ƙaramar ƙasa talla ba albashi. Yana saurayi ya yi aiki a ɗakin injin jirgin ruwa. Ya karye a ƙafa, jirgin ya ajiye shi a asibitin wata tasha ya wuce. Wata takwas ya yi a can, kuma tun da ya dawo bai rufe baki ba.

A can, in ji shi, mai kanti kan bar kantinsa a buɗe ya tafi cin abinci. Direban bas ya taɓa barin hanyarsa ya kai shi har ƙofa saboda ya gan shi da sanda. Wani mai gareji da ba sa jin yaren juna ya tsince shi a bakin asibiti, ya kai shi gida, ya ba shi gadon ɗansa.

Ba wanda ya yarda. Tela, abokinsa na shagon da ke kallon garejin, shi ne shugaban masu tsiya.

"Jakada, ƙasar nan taka tana cikin taswira kuwa, ko sai mutum ya yi barci yake zuwa?"

Da Auta ta samu gurbin karatun injiniya, sai ya faɗo a ƙasar Jakada. Ƙawayenta sun samu manyan ƙasashen da kowa ya san sunansu. Kwana biyu tana kuka, mahaifinta kuma ya ce ba inda za ta. Jakada ya shigo falonsu da baƙin mai a hannu, ya zauna, ya ƙi tashi.

"Ka bar ta ta je. In ta dawo ta ce ƙarya nake, na rufe bakina har abada."

"Wannan kaɗai ya isa dalili," in ji mahaifinta.

Ranar tafiya Jakada ya zana mata hanyar garejin mutumin da ya tsince shi a can, a bayan kwalin fulogi. Ya ce ta je ta gaishe su.

Ƙasar ta fi abin da ta zata nesa ba kusa ba. Duwatsu a baya, teku a gaba, mutane marasa gaggawa. Matar da ta ba ta haya ta yi mako biyu tana jinyarta a sanyin farko. Amma shekara shida Auta ba ta je garejin ba, alhali tafiyar awa biyar ce a jirgin ƙasa. Duk sanda ya tambaya a waya sai ta ce, "Karatu ya yi yawa, Baba." Gaskiyar ita ce tsoro take ji ta je ta tarar ba komai. Sai a makon ƙarshe ta je.

Da la'asar sakaliya motar ta sauke ta. Ta ajiye akwati a ƙofar gidansu, ta shiga na maƙwabta. Babban ɗan Jakada, mai shagon wayoyi, ya tare ta a baranda.

"Auta, sannu da hanya. Tsaya. Kwana uku ke nan yana tambayarki." Ya rage murya. "In ba ki samu komai ba, ki ce masa ba ki samu zuwa ba. Kada ki karya masa zuciya yanzu."

"Na je, Yaya."

"To?"

"Sa mini wannan a caji."

Ta miƙa masa wayar ta wuce ciki.

An matso da gadon kusa da taga. Kwalaben magani a kan kujera, fanka a ƙasa tana juyi da ƙyar. Inna, matar Jakada, tana ɓare lemon da ba mai sha. Tela na zaune a gefe, tef ɗin awonsa rataye a wuya. Jakada ya koma rabinsa, amma idanun suna nan.

"Injiniya," ya ce. "Kin rame. Ba sa ba ki abinci a ƙasata?"

"Suna ba ni, Baba. Mota ce ta cinye."

"Me ya same ta?"

"Zafi take ɗauka."

"Direban jaki ne." Ya yi tari. Bai yi tambayar da kowa ke jira ba. Silin ya tsura wa ido.

Auta ta warware safar, ta ɗora masa sifanar a tafin hannu. Bai duba ba. Babban yatsansa ya bi jikin ƙarfen har ya tsaya a kan zane uku da aka yi da zarto kusa da wuya. Ya daɗe a wurin.

Tela ya gyara murya. "Sifana ai ko a bayan layin nan..."

Inna ta ajiye lemon ta fita. Ta dawo da sifanu huɗu daga gareji, ta zube su a cinyar Tela. Kowace da zane uku a wuya.

"Haka yake yi wa kayansa tun kafin in aure shi," ta ce. "Duba da kyau, kai mai ido."

Babban ɗan ya shigo da wayar da igiyarta, ya jona a bango. Auta ta buɗe bidiyon ta riƙe a gaban Jakada. Wata mace ce mai furfura, cikin rigar aiki, tsaye a gaban mota, tana magana da sauri.

"'Yar mai garejin ce," in ji Auta. "Ita ke riƙe da wurin yanzu."

"'Yar ƙaramar nan? Mai satar mini sanda?"

"Ita ce. Ta ce mahaifinta ya rasu shekara tara ke nan. Ta ce sifanar a bango take rataye, ba a aiki da ita, kuma ya bar wasiyya in wani ya zo daga wajenka a ba shi."

A cikin bidiyon matar ta ɗauki dogon sukundireba, ta ɗora bakinsa a jikin injin da ke aiki, ta kara ƙotar a kunne, ta lumshe ido.

"Ta ce duk wanda ya zo koyon aiki, wannan ake fara koya masa, yadda ake jin ciwon inji kafin a kwance shi. Ta ce kai ka koya wa mahaifinta. Gareji shida a garin haka suke yi."

Jakada ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Mayar baya," in ji Jakada.

Ta mayar. Ya kalla, ya ɓata fuska.

"Ƙara mayarwa." Sai ya yunƙura zai tashi, Inna ta tare shi. "Ba haka ba ne! Babban yatsa ake sawa tsakanin kunne da ƙota. Kurmancewa za ta yi. Shekara arba'in suna yi ba daidai ba, ba wanda ya gaya mini!"

Tela ne ya fara dariya, har awon ya faɗo. Inna ta biyo, tana share ido da bayan hannu.

"Ana iya aika mata amsa?" Jakada ya tambaya.

"Ana iyawa, Baba."

"Kai, ɗauko sukundireba. Babban."

Hannunsa ba ya iya ɗaga ƙarfen, don haka ɗan ne ya durƙusa a gaban fanka. Mutum mai shekara talatin da takwas da bai taɓa yarda ya taɓa baƙin mai ba. Ya ɗora bakin sukundireban a bayan fankar. Jakada ya miƙo hannu, ya kama masa babban yatsa, ya lanƙwasa shi a kan ƙotar, ya tura kansa a hankali har kunnen ya taɓa. Auta na ɗauka.

"Rufe ido. Me ka ji?"

"Ƙara kawai."

"Rufe baki kuma."

Ɗan ya kasa kunne. Can sai ya buɗe ido. "Baba, akwai wani abu a ciki yana gurzawa."

"Boris ɗin da ke juya ta ne ya ci. Shekara biyu ina gaya wa uwarku."

"Shekara biyu ina ce maka ka gyara," in ji Inna.

Auta ta fassara bayanin a ƙarshen bidiyon, ta aika.

Tela ya tattara sifanun ya jera su a bakin gado. "To, Jakada. Ashe akwai ta."

"Akwai ta."

"Kantin da ake bari a buɗe fa?" Ya dubi Auta.

"Yanzu suna kullewa," ta ce.

"Ka ji ko!"

"Labarinka ne ya kai musu," in ji Jakada.

Da suka fita su bar shi ya huta, ya riƙe bakin mayafin Auta. Ta zauna.

"Baba, sai makon jiya na je. Da ma ina iya zuwa tun shekarar farko."

"Na sani. Ni ma tsoro nake ji ki je. Mutum in ya daɗe yana ba da labari, shi kansa sai ya fara shakka." Ya numfasa. "Gadar nan ta dutse tana nan?"

"Tana nan. Kwalinka bai ɓatar da ni ko sau ɗaya ba."

"Madalla."

"Na gode, Baba."

"Da me?"

"Da ka ƙi tashi daga falonmu."

Ya ɗan yi murmushi, ya rufe ido.

Washegari da hantsi ya sha rabin kofin shayi, ya ce a buɗe taga gaba ɗaya. Inna ta juya ta ajiye kofin. Da ta waiwayo ya tafi. Tela ya rufe shagonsa kwana uku, abin da bai taɓa yi ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin ƙasar Jakada, har da ƙari.

Amsar ta iso ranar da aka binne shi. 'Yar mai garejin ce da ma'aikatanta biyar, a jere gaban mota, kowa da sukundireba a kunne da babban yatsa a inda ya ce. Auta ta rubuta mata abin da ya faru, layi biyu. Ta bari sai da baƙi suka ragu sannan ta kai wa Inna.

A gareji ta same ta tana shara. Inna ta jingine tsintsiya, ta kalla sau biyu. Ta mayar da wayar, ta kwashe sharar, ta kashe fitila.

"Tun muna da ƙuruciya yake cewa zai kai ni," ta ce. "Ni kuma in ce masa ya bar ni da tatsuniya."

Suka fito. Ƙofar ƙarfen ta yi nauyi, sai da Auta ta sa hannu suka jawo ta tare. Inna ta datse kwaɗon, ta gwada shi, ta ƙulle mabuɗin a bakin mayafinta.

"Ki tambayo mini yadda ake yin fasfo," ta ce. "In kwanakin nan sun wuce, ke za ki kai ni. Ina so in ga gadon da suka ba shi."