Sandar Awon Man Giya

Sarjan Kailu ya bar aikin soja tun zamanin mulkin soja, bayan da motarsu ta kife a hanyar Tawa, ƙafarsa ta hagu ta sandare. Da farar hula suka dawo mulki, sai ya sayi tsohuwar mota mai canja giya da kanta, domin ƙafa ɗaya ta ishe ta. A Filinge kowa ya san ba ya yarda wani ya buɗe mata gaba, ko da matarsa Delu ce.

Ran da za su tafi Damana sunan jikansu, motar ta fara fizga tun kafin su fita gari. Kailu ya kai ta gindin wani gawo inda ƙasa take a baje, ya ja birkin hannu, ya bi da giya ɗaya bayan ɗaya, ya maida ita wurin tsayawa, ya bar injin yana aiki. Delu tana zaune da ƙwaryar fura a cinya. Ta ga ya fita ya buɗe gaban motar, ya zaro doguwar sandar ƙarfe ta awon man giya, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya kawo ta dab da hanci, ya nisanta ta, ya juya wajen rana. Ya daɗe a haka.

"Delu, taho nan," in ji shi.

Ta ajiye furar ta fito.

"Akwai zane biyu ga bakin sandar ga. Ina mai ya tsaya?"

"Maigida, ga su ƙuru-ƙuru. Ba ka gani?"

Sai a lokacin ta dubi idonsa sosai, ta ga fari-fari ya rufe ƙwayar. Ta tuna yadda kwanan nan yake laluben butarsa da hannu. Ta karɓi sandar.

"Bai kai zanen ƙasa ba."

"Launinsa fa? Ja ne ko baƙi?"

"Ja, awa zoɓo."

Ya shinshina, ya ce bai ƙone ba. Ya ɗauko gorar mai da mazurari, ya miƙa mata.

"Zuba kaɗan-kaɗan. In ya yi yawa ma ɓarna ce."

Ta zuba, ta goge, ta auna, ta ƙara, har man ya tsaya tsakanin zanen biyu. Ya rufe gaban motar, ya nufi wajen tuƙi. Delu ta sha gabansa.

"Da wanga ido ba ka kai ni Damana."

"Hanyar a kaina take."

"Awaki da jakkai ba a kanka suke ba."

Ya miƙa hannu ya kashe injin, ya ce ta je ta kira Ibrah, ƙanenta mai ɗinki, wanda ya taɓa tuƙa motar haya. Ibrah ne ya kai su. Kailu ya zauna gefe yana ta yi masa faɗa kan birki.

Bayan bikin suna, Delu ta matsa masa, aka kai shi Yamai aka cire masa yanar ido ɗaya. Likita ya ce ɗayan sai bayan damina.