Masakin da Manzo Bai Gama Ɗinkewa Ba

A garin Kona, tun zamanin da ayarin Asbinawa ke sauka Tasawa da gishirin Bilma, Bature ko ɗaya bai taka ƙasar ba tukuna, akwai wani gida guda da ba shi da juji. Kowane gida ka zagaya bayansa za ka tarar da tulin shara kaji na tono, amma bayan gidan Manzo gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, fes yake, kamar an share don salla. Har tsiya ake yi masa da abin. Maryamu, maƙwabciyarsu ta jikin danga, takan ce kajinta in suka yi kuskuren shiga gidan, da fushi suke fitowa.

Ba rowa ba ce, ko da yake akwai masu cewa ita ce. Manzo dai ba ya shigo da abin da ba shi da aikin yi, wanda ya shigo kuma ba ya fita sai ya ƙare ƙarƙaf. Ruwan wankin gero na akuya ne, dusa ma haka. Ƙaiƙayi a cuɗa shi da laka a yaɓe rumbu. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama gammo, gammo in ya gaji a yayyage shi a murza lagwanin fitila. Ƙwarya kuwa, da yake ɗinkinta ne sana'arsa, ita ta fi kowa shan wahala. In ta tsage a ɗinke. In ta sake tsagewa a sake ɗinkewa. In ta ƙi ɗinkuwa a fere ta a yi marar kwasar tuwo, mara in ta cinye ta koma sakainar kwasar toka, sakaina ta shiga murhu, tokarta kuma a tace a zuba a miya.

"Ƙwarya a gidanga," in ji Manzo, "cikinmu take ƙarewa."

Matarsa Mairo ta yi shekara ashirin da uku tana jin wannan magana, wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta yi tsaki. Sau ɗaya ne abin ya kai su ga faɗa sosai, ranar da suka je kasuwar Tasawa ta ga wata tasar tagulla tana ɗaukar ido a gaban fatake.

"Maigida, dubi wagga," ta ce.

"Na gani. Mi za ki ci cikinta?"

"Tuwo mana."

"Wanda kike ci a akushi mi ya yi maki?"

"Haba! Mace ta shigo ɗakinka, ta ɗaga kai, ba ta ga komi ba sai jinka?"

"Ta ga jinka mai kyau. Ni na yi ta."

Ta yi gaba cikin fushi har suka fita gari. A hanya ya miƙa mata dabino cike da tafin hannu don ya ba ta haƙuri, ta fara hucewa ke nan, sai ta ji ya ce, "Ki aje ƙwallayen, a daka wa akuya." Ta jefe shi da ɗaya a ƙeya. Ya sunkuya ya tsince shi ya sa aljihu.

Abin da Mairo ke ji da shi a duk gidan shi ne masakinta, wata babbar ƙwarya wadda sai an buɗe hannu biyu ake rungumarta. Mahaifiyarta ce ta shuka duman a Urafan, ta fafe shi da hannunta, ta sa mata cikin kayan ɗaki. A cikinsa ta yi wa ɗiyarsu Zara'u wankan jarirai, a cikinsa ta dama furar bikinta lokacin da aka kai ta Mayahi. Sau uku yana tsagewa, sau uku Manzo na ɗinkewa. Na huɗu, a farkon daminar wannan shekara, akuya ce ta yi tsalle ta faɗa kansa, ya dare tun daga baki har kusa da gindi.

"Wannan karon kam ya mutu," Mairo ta ce, hawaye na neman zubo mata.

"Wa ya ce maki? Kawo shi."

Ya zauna a inuwar rumbu da basillarsa da zaren kaba da ya jiƙa. Yana huda, yana zura zare, yana ja da haƙori. Ɗinkinsa ƙanana ne, a jere kamar sawun tururuwa, ko ruwa ka zuba ba ya ɗiga. Ya yi bakwai daga baki, sai abokan tafiyarsa suka yi sallama a ƙofar gida, don ranar kasuwar Urafan ce. Ya soke basillar a huda ta takwas, ya miƙe yana kakkaɓe walki.

"In na komo in ida maki. Kada ki taɓa, ke ɗinkinki kamar na makaho."

Ruwa ya dake su a hanyar dawowa, tun daga bayan Urafan har gida. Ya kwana da sanyi, ya tashi da ciwon haƙarƙari. An yi jiƙo, an yi rubutu, an gasa masa gefe da tsumma mai zafi. Ran kwana na huɗu da hantsi ya kira ta kusa.

"Mairo, kayana kada a aje su su ruɓe a banza. A ba masu yin aiki da su."

"Bar wannan magana, don Allah."

"Kin ji dai?"

"Na ji."

Kafin azahar ya cika.

Bayan sadakar bakwai, ƙanensa Na Allah ya zo cika wasiyya, Zara'u ma tana nan ba ta koma Mayahi ba, ta ce a yi yadda Baba ya ce. Aka shimfiɗa tabarma aka zube kayan mutum na shekara hamsin, ba su rufe rabinta ba. Riga biyu, wando, walki, malfa, takalman fata, wuƙa, da jakar basilloli. Na Allah ya ɗauki riga ɗaya, ɗayar aka ba ladan. Takalma aka aika wa Gidaɗo mai kiwon shanun gari, wanda ƙaya ta gama da ƙafafunsa. Walki aka yanka aka toshe gugan rijiyar unguwa. Mairo tana zaune cikin mayafin takaba tana kallon mijinta yana fita daga gidan guntu-guntu.

Na Allah ya zazzage jakar, ya duba, ya sake dubawa.

"Matar yaya, ina babbar basillar? Mai ƙotar ƙaho?"

"Ban gan ta ba."

"Ko ta faɗi hanyar Urafan?"

"Wataƙila."

Ƙarya ta yi, kuma ba ta saba ba. Tun ranar da aka kai Manzo makwancinsa ta ɗauke masakin yadda ya bar shi, da basillar a soke, da zaren yana lilo, ta naɗe shi cikin tsohuwar tabarma ta tura ƙarƙashin gadon kara, can jikin bango. Ta san ba nan ne wurin ƙwarya ba. Manzo bai taɓa barin ƙwarya ta kwana a ƙasa ba, a ragaya ake rataye ta, a sauke, a wanke, a shanya. To amma a ragaya kowa zai gani, kuma duk wanda ya gani zai ce a kai wa wani gyartai ya ƙarasa. Ita kuwa ba ta son hannun kowa a kai. Ɗinki bakwai ɗin nan su ne abu na ƙarshe da ya yi a duniya, kuma ita ya yi wa. Duk gidan ba a bar mata komai nasa ba. Wannan ɗaya dai za ta riƙe.

Damina ta yi nisa. Takaba ta hana ta fita, sai dai ta leƙa ta ramin danga. Wata safiya ta hango rigar Manzo tana wucewa, da facin shuɗin nan a kafaɗa wanda ita ta yanko daga zanenta, ta zabura ta miƙe tsaye da muciya a hannu. Na Allah ne za shi gona. Ta koma ta zauna, tuwon ranar ya kama.

Kullum in ta share ɗaki takan durƙusa ta zura hannu ta shafa tabarmar. Ba ta buɗewa. Ta yi wa kanta alkawari sai ranar da ta fita takaba, ta yi wanka, ta sa zane mai kyau, sannan ta zauna ta kalle shi a tsanake.

Cikin wata na uku na takabar surukar Maryamu ta haihu. Ana jibi suna Maryamu ta ɗago kai ta saman danga.

"Yaya Mairo, a ara mani masakin nan naki in dama furar suna. Duk unguwarga ba mai irinsa."

"Ai ya fashe."

"Na sani, na ga marigayi na ɗinkinsa. Kawo in kai wa gyartan bakin kasuwa ya ida. Ba zai kai na Manzo ba, amma zai riƙe hura."

"Na sa shi wuta."

Maryamu ta dube ta. "Ke? Kika sa masaki guda wuta? Bai zama mara ba, bai zama sakaina ba? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Na ce maki babu shi."

"To, Allah ya ba da haƙuri," Maryamu ta ce a hankali, ta sauke kanta. Da ƙananan ƙore huɗu aka dama furar sunan. Mairo ta ji ana ta kai da kawo da su ta bayan danga, kunya ta hana ta cin naman da aka aiko mata.

Wata huɗu da kwana goma suka cika bayan an yanke gero. Mata suka zo da safe, aka yi mata kitso, aka yi addu'a, aka watse. Da gidan ya yi tsit, rana ta ɗaga, sai ta shiga ɗaki ta durƙusa ta jawo tabarmar.

Tun daga ja ta san akwai magana. Abin ya yi nauyi ta wani gefe, ta wani gefen kuma ba nauyi ko kaɗan. Ta fito da shi tsakar gida ta warware. Saman tabarmar, inda take shafawa kullum, lafiya lau yake. Ƙasanta babu. Gara ta taso daga gindin bango, ta gina hanyoyinta na jar ƙasa, ta shiga masakin ta cinye shi daga ciki, ta bar ɓawo kamar na albasa. Mairo ta sa yatsa ta taɓa gefensa, yatsan ya wuce. Ta ɗaga shi, ya zube a cinyarta, ƙasa da gari da fararen ƙwari suna ta guje-guje. Basillar ta faɗo gefe, ta yi tsatsa.

Ba ta san ta yi ƙara ba sai da ta ga Maryamu a kanta, hannu duk ƙullu.

"Lafiya? Maciji ne?" Sai idonta ya sauka a kan cinyar Mairo. "Wannan ne wanda kika sa wuta?"

Mairo ta gyaɗa kai.

"Wayyo Yaya Mairo. Wayyo ke." Ta zauna a ƙasa kusa da ita. "Da kin ba ni, da yanzu yana rataye. Dubi tawa ƙwaryar, shekara shida da ya ɗinke mani ita, kullum tana cikin ruwa, ko gezau."

"Ya hwaɗa mani," Mairo ta ce, tana kuka. "Da bakinsa ya hwaɗa mani, na ce na ji."

Maryamu ta sunkuya. Ta sa hannu cikin tarkacen tana tonawa a hankali, kamar mai neman ɗan kunne a rairayi. Can ta zaro wani guntu daga wajen baki, inda ɓawon ya fi kauri, wanda ya kalli sama gara ba ta kai gare shi ba. Bai fi tafin hannu ba. Ta hure ƙasar, ta goge da bakin zanenta, ta miƙa mata.

Ɗinkin na nan. Mairo ta bi su da yatsa. Biyar. Biyu na ƙasa sun tafi.

"Ki samu tsumma mai tsabta ki naɗe shi," Maryamu ta ce. "Ki sa cikin tukunya ki rufe, ba abin da zai taɓa shi."

Mairo ta juya guntun a hannunta. Ta dubi lanƙwasarsa, ta gwada shi a tafinta. Sannan ta share ido da bayan hannu.

"Ara mani wuƙarki mai kaifi. Tamu an ba da ita."

"Mi za ki yi?"

"Ara mani dai. Ki biya da basillar nan ki ba Na Allah, ki ce an gan ta. Ya goge ta da toka, za ta yi aiki."

Da wuƙar ta zo, ta zauna a inuwar rumbu, daidai inda Manzo yake zama, ta fere gefen guntun, ta kankare, ta goge da dutse har ya yi sumul. Hannunta bai iya ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Da yana nan da ya yi mata dariya.

Sauran tarkacen ta tattara a faifai. Ta tsaya da shi a tsakar gida, ta rasa inda za ta kai, don gidan ba shi da wurin zubar da abu. Sai ta ɗaga ƙasan danga ta watsa shi a nan, ta yi kiran kaji. Kajin Maryamu suka yi ɗari-ɗari a bakin ramin, kamar ba su yarda ba, sannan suka ruɗo ciki suna tsattsagar gara.

Da la'asar ta tuƙa tuwo. Ta tsoma sabuwar marar a ruwa, ta kwashi malmala ta farko, zaren kaba yana gogar babban yatsanta. Ta san lissafin abin sarai. Mara in ana aiki da ita kullum, damina biyu take yi, in ta yi ƙarko uku. Daga nan toka za ta kwasa, daga nan murhu.

Ta kwashi malmala ta biyu, rabon maigida, bisa sabo, ta tsaya da ita a hannu, tururi na dukan fuskarta. Sannan ta sa ta a akushi, ta miƙa wa Maryamu ta saman danga.