Motar Baban Nancy

Tun da Sa'idu ya ɗora ido a kan motar nan ya san ita ce, amma ko a fuska bai nuna ba, don a gidansu ba a yin haka. Asalinsu mutanen Bichi ne, fataucin yadi ya kawo kakansa Gombe, kuma abin da suka gada, ban da rumfa a babbar kasuwa, shi ne mugun baki a wurin ciniki. Idan kaya ya yi musu sai su ɓata rai kamar an miƙa musu ruɓaɓɓen tumatir. Su juya shi, su yi tsaki, su jero masa aibi har mai kayan ya fara jin kunyar abin da ya fito da shi. Sai sun biya sun kai gida sannan ka ji yabo. A kasuwa ba mai jin haushin wannan, kowa ya san wasan, kowa ma yana taɓawa.

Ba don gayu yake neman mota ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Delu, gwiwoyinta sun daɗe da juya mata baya, ga yayarta kwance a Bichi ana ta aiko da saƙon cewa jiki ya yi tsanani. Zuwanta na ƙarshe a motar haya ne, aka matse su a baya kamar buhunan gawayi, ta dawo ta kasa miƙewa sai da aka riƙa ɗaga ta. Ranar Sa'idu ya yi rantsuwa a tsakar gidansu na unguwar Shamaki cewa ba za ta sake shiga motar tasha ba, shi da kansa zai kai ta. Daga nan ya shiga yawon wuraren sayar da motoci. Wadda ta yi masa, kuɗinsa ba su kai ba. Wadda kuɗinsa suka kai, an sha mata fenti ne kawai an rufe tsiya.

Babayo dillali ne ya kawo labarin wannan. Wata mata ce a unguwar Herwagana, ana ce mata Maman Nancy, mijinta tsohon hedimasta ne, ya rasu bara. Ita ba ta tuƙi, 'yarsu kuma tana aure a Jos, mota tana zaune a ƙarƙashin rumfar kwano.

Suna tafe a kan babur Babayo ya waiwayo ya ce, "Alhaji, roƙo ɗaya zan yi maka. Gidan mutane za mu shiga, ba kasuwa ba. Ka bar halin nan naku a bakin ƙofa."

"Kai dai ja mu," in ji Sa'idu. "Ni za ka koya wa ciniki?"

Maman Nancy doguwa ce, ba ta da jiki, da tabarau rataye a wuya. Ta gaishe su da kyau, ta kawo ruwa, sannan da kanta ta yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe motar da shi, a hankali, tana ninkewa. Mota ce mai ƙofa huɗu, ruwan toka, ba babba can ba, daidai mai iyali. Kujerun har yanzu da rigarsu. Da aka tayar da ita sai da Sa'idu ya sunkuya kafin ya tabbatar injin yana aiki. Ya duba ƙasanta, ko ɗigon mai babu. Ya buɗe ƙofar baya ya ga faɗin wurin, nan take ya hango Hajiya ta miƙe ƙafafunta tana jan carbi har Bichi. Zuciyarsa ta yi fari tas. Don haka sai ya haɗe rai, ya ja tsaki.

"Babayo, wannan ce ka taso ni daga rumfa saboda ita?"

Babayo ya dubi sama. Sa'idu ya fara zagaye motar yana taɓa nan yana taɓa can. Ya ce tayoyin sun gama yawo. Ya ce warin cikinta kamar ɗakin ajiya. Ya ce irin wannan ai ta tsofaffi ce, yanzu ko kyauta aka ba yaro sai ya yi tunani. Matar tana tsaye da tamfol a hannu, ba ta ce komai ba, sai dai murmushin da ta tarbe su da shi ya tafi. Wani mai hankali da ya tsaya a nan. Shi kuwa Sa'idu shirun nata ya ɗauka alamar ta fara laushi, sai ya zaro babban makamin da yake ajiyewa don ƙarshe. Ya ƙwanƙwasa gefen ƙofar direba da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Ai an taɓa buga motar nan. Mugun bugu ma. Ji nan, duk ciko ne aka shafe da fenti."

"Ba a taɓa buga ta ba," ta ce. "Tun da maigida ya saye ta ko kaza bai taka ba."

"Madam, ke kina gida. Namiji ya fita da mota ya dawo, komai zai faɗa miki? Wata tafiyar ma ai ba za ki san inda aka je ba. An buga, an kai wa masu gyara, an dawo miki da ita tana sheƙi."

Sannan ya yi tayi, irin tayin da shi kansa ya san raini ne, yana jiran ta ce albarka su fara ja. Ba ta ce albarka ba. Ta warware tamfol ɗin da ta ninke, ta mayar a kan motar, ta gyara kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Babayo, fitar min da baƙonka."

A waje Babayo kamar ya rufe shi da duka. "Wallahi Alhaji kai ba ka da ta ido! Matar da mijinta bai daɗe a ƙasa ba za ka tsaya a tsakar gidanta kana ce mata yana yawon da ba ta sani ba?"

"Ni yaushe na ce haka? Mota na kushe. Bar ta, za ta kira. Duk haka suke yi."

Ya koma gida da ƙarfin gwiwarsa. Har ya yi abin da bai saba ba, ya gaya wa matarsa Najiba cewa an samu mota, saura sallamawa. Najiba kuwa ba ta iya riƙe daɗi a ciki, kafin la'asar Hajiya ta ji, ta sa an fito mata da jakarta an fara shirya tsaraba: kuka, daddawa, turmin atamfa ga yayarta. Duk shigowar da zai yi sai ta ɗaga kai ta ce, "Sa'idu, yaushe ne tafiyar?" Shi kuma ya ce an kusa.

Waya ba ta yi ƙara ba. Ya jira, ya ƙara jira, yana auna wa mutane yadi hankalinsa na kan aljihu. Da ya kira Babayo sai ya ji waya tana ta ƙara ba a ɗauka. Ran nan kuma aka bugo daga Bichi aka ce mara lafiya ta daina karɓar abinci, tana ta kiran sunan Delu. A nan wasan ya fita daga kan Sa'idu. Tsoro ya kama shi sosai. Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya je ya tsamo Babayo a wurin mai shayi, ya yi ta ba shi haƙuri har ya yarda ya raka shi, bisa sharaɗin shi Babayo ba zai buɗe baki ba.

Sun daɗe suna buga ƙofa kafin ta buɗe, kuma ba ta matsa ta ba su hanya ba. Ta rame a 'yan kwanakin nan, idanunta sun faɗa. Ta dubi Babayo, ta dubi Sa'idu daga hula har takalmi.

"Me kuma ka manta ba ka faɗa ba?"

"Madam, na zo ne mu gama magana. Kuɗin da kika faɗa wa Babayo, na yarda. Ba ragi. Yanzu ma in kina so."

"Motar da aka buga? Mai ciko? Me za ka yi da ita?"

Wata maƙwabciya da ke tankaɗe a ƙofar gidanta ta dakata, ta zuba musu ido. Wani tela ma ya leƙo daga shagonsa. Da alama labarin zuwansa na farko ya riga ya zaga layin, don ba wanda ya yi masa sannu. Sa'idu ya ga dai ba wata hanya sai wadda ba a taɓa bi ba a gidansu, wato ya yabi kaya tun bai biya ba. Ya sauke murya.

"Madam, don Allah ki saurare ni. Motar nan ba abin da ya same ta. Na daɗe ina yawon neman mota, ban ga mai lafiyarta ba. Injin ba a taɓa kwance shi ba. Fentin nan na kamfani ne, tun daga gaba har baya. Wanda ya riƙe ta ya san darajar abu, wallahi ya riƙe ta da amana."

"Bugun fa?"

"Babu wani bugu."

"Ka ƙwanƙwasa ka ce ka ji ciko."

"Ƙarfe ne lafiyayye. Ban ji komai ba."

"Yaushe ka gane haka? Bayan ka koma gida?"

"A'a, tun a ranar. Tun ina taɓawa na sani." Ya ɗan yi dariyar neman sulhu. "Ciniki ne kawai, Madam. Haka muke yi a kasuwa, kowa ya sani. Ba wai da wata manufa ba."

Yana gama faɗa ya ji sauƙi, har ya fara laluben wayarsa don a tura kuɗi. A ganinsa ya biya abin da ya fi kuɗi tsada, ya ajiye girman kansa a gaban tela da mai tankaɗe. Sai ya ga matar ta ƙura masa ido.

"Tun a ranar ka sani," ta ce.

"Na sani."

"Ni kuwa ban sani ba. Ni ban san mota ba, Malam. Na ga mutum da furfura a gemu, ya ƙwanƙwasa, ya ce an buga. Na ce mai saye ai ya fi ni ido." Muryarta ta fara tashi. "Ka san me na yi bayan fitarku? Na zauna ina lissafa tafiye-tafiyensa. Zuwa Kaltungo da ya ce taro ne ya kwana biyu. Zuwa Yola da ya dawo a motar haya ya ce ya bar ta wurin wanki da juyen mai. Na kira ƙaninsa ina tambaya ko akwai abin da suka ɓoye min, har ya yi fushi ya kashe waya. Na kira 'yata na sa ta kuka. Mutumin da muka yi zaman aure har muka tsufa bai taɓa min ƙarya ba, na zauna ina tuhumarsa, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Ranar Lahadi na kasa zuwa coci don kada in ga kujerar da yake zama."

"Subhanallahi," in ji Babayo a hankali, duk da alkawarin da ya yi na yin shiru.

"Madam, ban yi zaton..."

"Ba ka yi zato ba, ragi kake nema. Don a sauke maka 'yan kuɗi ka shiga tsakanina da mijina." Ta share ido da gefen zaninta, da ƙarfi, kamar tana jin haushin hawayen. "Da kuskure ka yi, da yau na ba ka makulli. Wallahi da na ba ka, don na gaji da ganinta. Amma kana sane."

Sa'idu ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi abin da ya rage masa, ya faɗi gaskiyar da ya kamata ya fara da ita tun ranar farko. Ya ce mahaifiyarsa ce, ga ciwon ƙafa, ga yayarta a bakin mutuwa a Bichi, jakarta ma a shirye take, motar kawai ake jira. Ya ce ta dubi girman Allah, ta dubi tsohuwa.

Maman Nancy ta saurare shi har ya kai aya. Fuskarta ba ta sauya ba.

"Allah ya ba ta lafiya, in da gaske akwai ta," ta ce. "Ni yanzu ta yaya zan san wannan ma ba ciniki ba ne?"

Ya buɗe baki zai rantse, sai ya ga ba shi da wata rantsuwar da za ta shiga kunnenta. Ta juya wurin Babayo.

"Ka nemo min wani. Ko bai kai kuɗin wannan ba zan sallama. Shi dai ko taya ɗaya ba zan sayar masa ba."

Ta tura ƙofar ta sa sakata. Tela ya koma kan keken ɗinkinsa, mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta. Babayo ya tayar da babur, bai ce Alhaji hau ba, ya yi gaba abinsa. Sa'idu ya tsaya shi kaɗai a layin da ba mai kallonsa, sannan ya taka zuwa bakin titi. Mai keken da ya tsaya ya tambaye shi ina za shi. Da ƙyar ya ce tasha, zai je ya tambayo ko za su yarda ya biya kujerun baya duka na motar Kano ta gobe.