Kibiyar da Ta Motsa da Kanta

Maman 'yan biyu ba ta saba taɓa kwamfutar falo ba. Ta maigidan ce, yara kuma su yi aikin makaranta a kai. Amma ranar da aka sallamo mahaifiyarta daga asibiti da sabon maganin hawan jini, tsohuwar ta sha ƙwaya ɗaya ta ce kanta yana juyawa. Layin likita ya ƙi shiga, maigidan yana wurin aiki. Sai ta ja kujera, ta kunna kwamfutar, ta kwafi sunan maganin daga jikin kwali harafi-harafi.

Shafin binciken da ya buɗe ba shi ne wanda take hangowa a hannun yara ba. Ya yi kama, amma tallace-tallace sun yi masa caa ta ko'ina. Ta danna amsar farko. Shafin ya yi tsalle zuwa wani, wannan ma ya miƙa ta ga wani, sai allon ya rikiɗe ja wur, wata jiniya ta ɓarke a falon. Manyan haruffa suka ce ɓarayi sun shiga kwamfutar, kada a kashe ta, a kira lambar da ke ƙasa yanzu-yanzu.

Ta danna ta rufe, ya ƙi rufuwa.

“Ke, wace irin ƙara ce wannan?” in ji Umma daga ɗaki.

“Ba komai, Umma, ki yi kwanciyarki.”

Ta kira lambar. Wani mutum ya ɗauka, muryarsa a sanyaye kamar ta mai karanta labarai. Ya ce ta kwantar da hankali, ai ta yi sa'a da ta kira da wuri. Ya gaya mata inda za ta danna da abin da za ta rubuta, ta bi tiryan-tiryan. Jiniyar ta yi shiru. Har ta yi masa godiya.

Sai ƙaramar kibiyar nan ta allo ta motsa.

Ta dubi hannuwanta. Ɗaya na riƙe da waya, ɗaya na kan cinyarta. Linzamin kwamfutar, wanda ake motsa kibiyar da shi, yana nan a kan tebur, ba wanda ya taɓa shi. Kibiyar ta haura sama a hankali, ta buɗe inda maigidan ke ajiye hotuna, ta zaɓi guda. 'Yan biyu ne cikin kayan makaranta, suna dariya a bakin ƙofa, sunan makarantar ɓaro-ɓaro a bayansu.

“Yaranki ne, Malama? Tubarkalla,” in ji mutumin. “Yanzu ɗauko min katin bankinki, mu tsare shi kafin su kai gare shi.”

Wata 'yar fitila ta kunnu a jikin kyamarar da ke maƙale a saman allon.

“Ɗan matso, ba na ganinki sosai.”

Ba ta san lokacin da ta zube ƙasa ba. Ta rarrafa ƙarƙashin tebur, kanta ya bugi katako, ta cafko wayoyin duka ta fizge su daga bango. Allon ya yi baƙi. A kunnenta muryar tana nan: “Malama? Me kika yi?” Ta katse. Wayar ta sake ƙara. Ta katse. Ta sake.

Ta buga wa maƙwabciya ƙofa ta roƙe ta ta zauna da Umma, ta fita da takalmi wari da wari. Ko wane mai babur da ya wuce ta zuwa wajen makaranta, gani take shi ne. Da ta isa ba ta tsaya sallama ba, ta faɗa ajin, ta kama yaran ta ƙanƙame har suka fara kuka su ma, ba su san dalili ba.

Daga nan ta kira yayanta, wanda aikinsa ke nan a ofis, kula da kwamfutoci. Kafin yayan ya iso gida, likita ya kira, ya ce jirin ba abin tsoro ba ne amma a kawo Umma da safe.

Yaya ya cire wayar intanet kafin ya kunna. Ya daɗe yana dube-dube, sannan ya nuna mata wata 'yar manhaja da ta lafe a cikin burauza, wato manhajar shiga intanet.

“Wannan ce ke karkatar da ku. Duk abin da kuka nema, ita ke zaɓar inda za ta kai ku. Jiniyar nan wasa ce, hoto ne kawai. Sai da kika kira mutumin ya samu hanyar shiga.”

Maigidan, da ya shigo yana haki, ya sunkuyar da kai. Ya ce kwanaki ya sauke wani abin kallon ƙwallo na kyauta, tun lokacin ya ga shafin ya canza, ya ɗauka sabon salo ne.

“Ƙwallo,” ta ce.

Yaya ya wanke kwamfutar tas, ya sa suka canza duk lambobin sirri. Yana tattara kayansa ta riƙe masa hannun riga.

“Yaya, don Allah gaya min gaskiya. Zai zo?”

“Irinsu ba sa zuwa. Yana can wata uwa duniya, ya riga ya koma kan wani.”

“Amma ya ga sunan makarantar.”

“Ya gani,” ya ce.

Washegari, bayan ta dawo da Umma daga asibiti, ta wuce ofishin shugabar makaranta. Ta zauna a bakin kujera ta ba da labarin duka, ba ta ɓoye cewa ita ta kira lambar ba. Ta ce daga yau kada a damƙa yaran nan a hannun kowa, ko da ya ce shi kawunsu ne. Tana cikin magana wayarta ta yi ƙara a jaka, baƙuwar lamba. Shugabar ta miƙo hannu ta karɓa, ta kife ta a kan tebur, suka bar ta tana ƙara har ta gaji ta daina.