Hayaƙin Janareton Ba-Ruwana

"Ƙofata ce, janaretona ne, man da ke ciki ma ni na saya," in ji Ba-Ruwana, yana dukan ƙirji. "Da 'yancinsa aka haifi ɗan Adam. Babu gwamnati, babu maƙwabcin da ya isa ya tsara mini rayuwa."

Tela, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ta gyara goyon jikarta, wadda tun safe take tari kamar ƙirjin zai tsage. Tagar ɗakinsu ce ke kallon bakin injin, duk abin da ya fesa su ke shaƙa.

"To hayaƙin fa, na waye?" ta ce. "In naka ne, kwashe abinka ka kai ɗaki."

"Iska ba ta kowa ba ce, Baba. In ta dame ku, ku tashi. Ku ma kuna da 'yanci."

Tela ta dube shi sama da ƙasa. Wannan fa shi ne wanda tun da ya tare a gidan hayar nan bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Ranar yashe kwata sai ya fito da kujera ya harɗe ƙafa, yana yi wa masu shebur bayanin cewa aikin tilas bauta ne. Amma ruwan wankansa ta kwatar yake bi, ba ta sama ba.

Ya juya mata ƙeya ya kama igiyar injin. Ya ja, ya ja, injin ya yi tari ya yi shiru. Dama hannun nan ba na aiki ba ne, kullum direban da ke ɗakin ƙarshe ke tayar masa.

"Direba, zo ka ja mini."

Direba na zaune a kan bokiti yana yanke farce. Ya dubi yarinyar da ke bayan Tela, ya ci gaba da abin da yake yi.

"Yau hannun ba ya so, Malam."

"Wane irin ba ya so? Ina haƙƙin maƙwabtaka?"

Matar kafinta, wata maƙwabciyarsu, ta fashe da dariya har tana sakin kwanon wanke-wanke. Tela kuwa ko murmushi ba ta ɓata a kansa ba. Ta taɓe baki kawai ta shiga ɗaki ta tura tagarta ta buɗe, yarinya ta sha iska.

Ba-Ruwana ya sake ja da ƙarfin zuciya, igiyar ta tsinke a hannunsa. Ya tsaya yana kallon guntun. Ya jefar, ya ce gidan nan duk 'yan hassada ne da tunanin bayi, ya fice ya bugo ƙofar gida har ƙasa ta zubo daga bango.