Ganyen da Yaya Ya Jiƙa

Ina tsakar gugar kayan makarantar yara matar Yaya ta kira ni a waya. Ko sallama babu.

"Ki zo asibiti. Fitsarinsa ya koma ja."

Wata bakwai ke nan da aka cire ƙodata ta hagu aka dasa wa Yaya, kuma likita ta ja mana kunne: ranar da kuka ga jini, kada ku tsaya neman takalmi.

Na same su a kan benci a ƙofar ɗakin gwaji. Yaya tela ne, bakinsa ba ya hutawa ko da allura a leɓensa, amma ranar hularsa kawai yake ta murzawa. An riga an karɓi fitsarin a 'yar kwalba. Matarsa ta raɗa mini cewa kamar ruwan wankin nama yake. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, har tabon cikina ya fara ƙaiƙayi.

Awa biyu muka yi a wurin. Duk ƙofar da aka buɗe sai mu miƙe.

Da likita ta kira mu, ta daɗe tana duba takardar.

"Babu jini a ciki," ta ce. "Malam, ban da magungunanmu, me kake sha?"

Yaya ya kalli fanka, ya kalli ƙafarsa.

"Ɗan ganye ne, filasko. Kwana huɗu ban zaga ba, shi ne wani mai kawo mini ɗinki ya ce in jiƙa."

"Me ya hana ka gaya mana?"

"Haba likita, mutum da gemunsa."

Ta ajiye biro. Ta ce akwai wani sinadari a ganyen da ke motsa hanji, shi ne ya rina fitsarin, kuma launin ba komai ba ne. Gudawar da ganyen ke sawa ce abin tsoro, don tana ƙarar da ruwan jiki, ta dagula maganin da ke hana jikinsa ƙin ƙodar. Za a kwantar da shi a ƙara masa ruwa, sai gwajin gobe ya nuna ko an yi ɓarna.

Yaya ya juyo yana 'yar dariya, shi a dole ya sha da ƙyar.

"Kin ji ko, Auta? Ba jini ba ne."

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Na ji, Yaya. Amma guda ɗaya ta rage mini, kuma ita ba zan iya ba ka ba."