Shelar Mutuwar Haladu

Haladu mai amalanke ya rasu da asubahin wata Talata, cikin bazarar da aka rufe masallatai saboda korona. Ana gama rufe masa ido matarsa Delu ta aika a kira Ɗanmalam.

A ƙauyen, wanda ke cikin karkarar Gidan Sori, Ɗanmalam ne mai shela. Ya gaji aikin daga kawunsa, sai dai kawun da ganga da maƙogwaro ya yi nasa, shi kuwa yana da lasifika mai batir da wani ɗan takara ya bari bayan zaɓe. Ɓatan akuya, rigakafin yara, ranar gayya, duk daga bakinsa ake ji. Amma babban aikinsa mutuwa ce, kuma shelarta tana da tsarin da ba a saɓa wa: sallama, innalillahi, sunan mamaci, sunan ubansa, daga ƙarshe lokacin salla da wurin da za a yi ta. Wannan na ƙarshen ake jira. Ko da labari ya riga ya zaga gari ta bakin mata, ba wanda ke ɗaga ƙafa sai Ɗanmalam ya faɗi lokaci. A nan mai sassabe ke ajiye gatari, mai tebur ya rufe kayansa da buhu.

A wannan shekarar aikin ya juye masa. Maigari ya ɗora masa saƙon hukuma: kada a taru, kada a yi musabaha, a wanke hannu da sabulu. Mutumin da sana'arsa tara jama'a ce ya koma yana watsa su. 'Yan kabu-kabu suka laƙaba masa Sarkin Korona, in ya gifta tasharsu sai su hau tarin ƙarya suna dafe ƙirji.

Sau ɗaya ya karya dokar da bakinsa ya faɗa. Alhaji Ridwanu, babban mai sayen hatsi na yankin, ya dawo daga ƙetaren iyaka ta ɓarauniyar hanya da zazzaɓi a jikinsa, ya kwanta bai tashi ba. Ba a binne irin su Alhaji a ɓoye. Ɗanmalam ya yi shela cikakkiya, gari ya fito har da ƙauyukan gefe, aka zauna makoki a rumfa ɗaya, moɗa ɗaya tana zagayawa. Bayan haka tsofaffi suka fara tari. Dattawa bakwai ke zama gindin bedi, bishiyar dogon yaron da ke ƙofar masallaci, uku suka tafi a jere. An kai su ba shela, domin jandarma sun kira maigari zuwa Gidan Rumji sun ja masa kunne. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce ajali. Ɗanmalam bai musa ajali ba, amma ya san wa ya zauna kusa da wa a rumfar nan, ya kuma san Haladu ne ya wuni yana cika moɗar yana miƙa musu.

Gidan Haladu na ƙarshen gari, daf da hanyar maƙabarta. Ɗanmalam ya tsaya a bakin zaure. Delu tana bayan zana, muryarta kawai yake ji, kuma ba kuka a cikinta.

"Ɗanmalam, ka ji abin da ya same mu."

"Na ji, Yaya Delu. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta."

"Amin. Tahi ka ɗauko abin maganarka."

Bai motsa daga bakin zauren ba.

"Kai ka san shi," in ji ta. "Tun ina amarya ba a taɓa gina kabari garin ga ba, amalanken shi bai kai ruwa da itace ba. Ranar sunan babban ɗanmu ya bar rago ɗaure, ya tahi kai wani Bafillatani da ko sunan shi bai sani ba. Ina hwaɗa, yana ce mani, 'Delu, wanda ya raka, a raka shi.' Ko waɗanga uku da anka kai a ɓoye, shi ya kai masu ruwa, yana tari. To yau ranar rakiyar shi ce. Ba za a ɗauke mani shi kamar ɓarawo ba."

"Akwai doka, Yaya."

"Ranar Alhaji dokar ta tahi kasuwa?"

Ya ce bari ya ga maigari.

Maigari yana kishingiɗe a zaurensa da rediyo a kunne. Ya saurara har ƙarshe, ya rage murya, ya ce Haladu ba mutumin da za a hana wa jama'a ba ne, kuma jandarma ba mutanen da za a sake gayyata ba ne. "Ni yau kunnena ciwo shikai," in ji shi. "Abin da ka yi, ban ji ba." Ya mayar da rediyon.

A ƙofar ɗakin shan magani ya tarar da Majo, ma'aikacin lafiyar ƙauyen, yana zuba jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a jarka. Majo Bazabarme ne, Ɗanmalam Bagobiri, don haka abokan wasa ne, ba su taɓa gaisawa babu zagi ba.

"Bawana, ina lasifikar? Ko an gane Bagobiri bai buƙatar ta, ihunsa ya isa?"

"Kai dai riƙe jarkarka, ɗan cin kwaɗon kopto. Majo, tsakaninka da Allah, korona ce ta ɗauki Haladu?"

Majo ya rufe jarkar. "Ba ni da abin gwaji a nan, ba zan ce maka ita ce ba. Na dai saurari ƙirjinsa jiya. Irin na Alhaji ne, irin na sauran ukun." Ya gyara takunkumin fuskarsa. "In ka kira, su wa za su zo?"

"Kowa."

"Har da na gindin bedi?"

"Su za su riga kowa."

Majo ya ɗauki jarkarsa. Ya ce zai je ya taya liman wanka, yana da safar hannu.

Hanyar gidan Ɗanmalam ta gindin bedin take bi, ba yadda zai kauce. Dattawan huɗu suna nan, kowa da 'yar tazararsa kamar waɗanda suka yi faɗa. Malam Abdussamad, mafi tsufa a cikinsu, wanda suka yi kiwon awaki da Haladu tun suna yara, har ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Gemunsa na ɗigar ruwan alwala, sandarsa a kan cinya.

"Ɗan nan, mun ji. Yaushe za a yi sallar?"

Ɗanmalam ya dubi rigar. Ya dubi Sale makaho da ke gefensa yana laluben takalmi. Ya san yadda za a yi: za su cusa kansu sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa, su karɓi makara ko taku kaɗan ne, su dawo su zauna a zauren da Haladu ya kwana yana tari, su sha ruwan gidan don kada a ce sun ƙyamace shi.

"Za ku ji, Baba," ya ce.

"To, muna nan. Kada ka yi nisa da abin nan naka, kunnen ya yi nauyi."

Ya wuce. Bai shiga gida ya ɗauki lasifikar ba. Ya zaga ta bayan rumbuna ya koma gidan rasuwa, ya ja Tahiru, babban ɗan Haladu, gefe ɗaya. Ya ce da an gama suturta shi a fita da shi ta baya, a yi sallar a filin da ke bakin maƙabarta.

Tahiru ya waiwayi zanar. "Inna ta sani?"

"A'a. Ni zan hwaɗa mata. In an tambaye ka, ka ce ni na ƙi."

Su bakwai ne. Liman Habu, Tahiru da ƙanensa, Majo, samari biyu da suka haƙa kabarin, sai Ɗanmalam. Ba su isa su yi karɓa-karɓar makara cikin wannan rana da yashi ba, dole aka ɗora ta a kan amalanken Haladu. Haladu bai taɓa yarda a sa gawa a kansa ba, yakan ce mutum ba buhun gero ba ne. Ba wanda ya ambaci wannan. Shanun da ke jan amalanken sun san hanyar, ba su buƙaci sanda ba.

A filin, liman ya juyo ya dube su. Ya sa biyu a bayansa, biyu a bayan waɗannan, biyu a ƙarshe, don dai sahu ya cika uku kamar yadda ake so wa mamaci. Majo ya ware hannuwa ya nuna musu tazara. Aka yi kabbarori huɗu. Amin ɗinsu ba ta kai bakin hanya ba. Da aka zo rufe kabarin sai aka ga ba wanda ya tuna da ruwan kwaɓa ƙasa, domin ba a taɓa buƙatar wani ya tuna ba. Ƙanen Tahiru ya koma da gudu ya ɗauko jarka biyu a rijiyar lambu, sauran suka tsaya cikin rana suna jiransa.

Rana ta take tsaka lokacin da Ɗanmalam ya sake tsayawa a bakin zauren. Ya yi sallama.

"Tun hantsi nika kasa kunne," in ji Delu daga bayan zana. "Na ce ko ka hwara daga gabas ne, iska na kai muryar wani wuri."

"Ban yi ba, Yaya."

"Maigari ya hana?"

"Bai hana ba."

"Majo?"

"Ba wanda ya hana ni. Ni na ƙi."

Wata mata a ciki ta fara salati da ƙarfi, Delu ta tsawata mata.

"Sahu nawa anka yi mashi?"

"Uku. Mutum biyu-biyu."

Ya ji ta ja numfashi. Ya jira zagi, ya ma fi son ya ji shi.

"Mutumin da ya raka garin ga kakaf," ta ce a hankali. "Mutum shida."

"Malam Abdussamad ya sa rigar shi tun da sahe. Da Sale makaho. Da na kira, da yanzu suna zaune nan inda nike tsaye. Na kira su ranar Alhaji, Yaya, kin ga abin da ya biyo. Ban iya sake kiran su."

"Ai sai ka bari su zaɓa da kansu. Ba yara ba ne."

"Na san abin da za su zaɓa."

Ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Can ta ce, "Abin da ka hana shi ya riga ya wuce, kai da Allah. Amma ba a shafe sunan shi ba. Tahi ka hwaɗe shi, lungu-lungu, kamar na kowa. Da na uban shi. Ni ba ni iya hwaɗin sunan, ka sani. Ina son in ji shi daga nan."

Ya ɗauko lasifikar. Ya fara daga ƙofar gidan, ya juya bakinta wajen zanar. Ya yi sallama, ya yi innalillahi, ya ce Allah ya yi wa Haladu ɗan Mainasara mai amalanke rasuwa. A inda lokaci da wuri suke zuwa, ya ce an riga an yi masa salla an kai shi makwancinsa, ana roƙon kowa ya yi masa addu'a daga inda yake, kada a zo gida.

Ya bi lungunan a tsarin da ya saba. Mutane suka fito ƙofofinsu, da yawa da hula da alwala. Wani ya ce, "Mi ya ce? An kai shi?" A tashar kabu-kabu ba wanda ya yi tari. Wani mahauci ya bi shi da Allah ya isa har kwanar masallaci.

Malam Abdussamad ya miƙe da ƙyar ya tare hanya da sandarsa.

"Sake hwaɗi. Ban ji ba."

Ɗanmalam ya sauke lasifikar ya faɗa masa da baki, daga nesa.

"Ka ce mani za mu ji."

"Na ce, Baba."

"Ina zaune nan da alwala, kuna can kuna zuba mashi ƙasa? Kawunka ya yi aikin ga har ya mutu, bai taɓa cin amanar gawa ba." Ya buga sandar a ƙasa. "Kada ka kuskura ka yi shelata. Na hana ka. A sami wani."

"To, Baba. Allah shi ja da ranar."

Tsohon ya juya masa baya. Ya jingina sandar da bedin, ya daidaita Sale makaho wajen alƙibla, ya ɗaga hannuwansa, sauran biyun suka ɗaga nasu daga inda suke zaune. Ɗanmalam ya jira har suka shafa. Saura lungun Fulani da na masaƙa. Ya ɗaga lasifikar ya shiga na farko.